Kurmin da Mata Ba Sa Shiga

Shirwa na fara gani. Sun taru ta wajen gabas suna shawagi ƙasa-ƙasa, kamar inda aka yanka sa. Na tsaya ina kallonsu, har na buɗe baki zan ce wa Inna ta duba, sai wani baƙin abu siriri ya sauko a hankali ya kwanta a bayan hannuna. Na shafa, ya murje ya zama toka. Ciyawa ce ƙonanniya. Ko ƙauri iska ba ta kawo mana ba tukuna.

Inna ba ita ta haife ni ba. Matar mai gidan da aka sauke ni ce, a wani ƙauye bayan duwatsun Bwari, inda aka turo ni koyarwa a firamare bayan na gama sakandare. Ni 'yar garin Abuja ce, a can iyayena suke. Su kuwa Gbagyi ne, waɗanda mu mutanen gari muke ce wa Gwari. Inna ta haifi wadda ta girme ni, kuma tun ranar da na sauka ta maishe ni 'ya, ko da yake ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Malama. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Ran Lahadi tana zuwa coci da farin kallabi, mijinta kuma yana nan kan abin da ya tarar iyayensa suna yi, ban taɓa jin wannan ya haɗa su faɗa ba.

Ranar Asabar ce, babu makaranta, na bi ta gona da hantsi za ta ɗebo doya daga rumbu. A gefen gonar mijinta akwai ɗorawa da kaɗanya, nata ne, ita ke tsince su, ita ke dafa kalwa ta yi daddawa, ita ke fitar da man kaɗe. A lokacin duk sun yi fure. Ɗorawa ta saki jajayen ƙwallayen nan nata suna reto, ƙudan zuma na ta kai-kawo a kansu, kaɗanya kuma tana ƙamshi har cikin maƙogwaro. Inna ta zagaya kowace bishiya tana ɗaga kai, tana taɓa gindin kamar mai gaida jikoki. Ta ce, "Malama, bana za ka ci daddawa har ka gudu garinku." Sannan ta jera doya a babbar ƙwarya, ta ɗora a kafaɗa, don matansu ba sa ɗaukar kaya a ka. Muna kan hanyar komawa ne na ga shirwar.

Ƙona daji ba baƙon abu ba ne a ƙauyen, amma yana da lokacinsa. Idan damina ta ɗauke, an kwashe dawa, ciyawa da sauran danshi a jikinta, dattawa sukan sa rana, a yi shela gida-gida, a share gefen rumbuna, a hana mata da yara fita, sannan a sa wuta. Irin wannan wutar rarrafe take yi, ta lashe ƙasa ta bar itatuwa. Gefen dajin da muke bi kuwa da gangan aka ƙi ƙona shi bana, an bar ciyawar gamba ne don masu baibayar ɗaki. Ta yi tsawo ta shige kan mutum, ta sha rana wata da watanni har ta koma kamar ashana. Ko ɗan aji ɗaya a makarantarmu ya san ba a kai wuta wurin a irin wannan lokaci, balle ga itatuwa da fure a ka.

Na ce, "Inna, wuta ce."

Ta tsaya ta shaƙi iska, ta juya gabas, ta juya wajen gari. Ban ga tsoro a fuskarta ba, mamaki na gani. Ta ce, "Ba a yi shela ba."

"To, ita wutar ba ta jira shela ba. Mu yi sauri."

Muka ƙara ƙafa. Hanyar 'yar siririya ce, gamba ta rufe ta hagu da dama, ba ka ganin komai sai bayan wanda ke gabanka da tsirin sama. Muna hawa wani ɗan tudu muka hango halin da muke ciki. Hayaƙi a gabas, hayaƙi a gabanmu ta wajen gari, ga wani kuma yana tasowa ta bayanmu, ta gonar da muka baro. Daga baya na san haka 'yan farautar gafiya suke yi. Zobe suke yi wa daji da wuta, su bar baki ɗaya inda za su tsaya da karnuka da kulake, duk abin da ke ciki ya fito ta nan ko ya gasu. Mu muna tsakiyar zoben, kuma ba mu san inda bakin yake ba.

Na ce, "Inna, yar da doyar nan."

"Doya na? Ka san ranar da aka shuka shi?"

"Don girman Allah ki yar."

"Yi gaba, kai ke da surutu."

Haka ta yi gudu da doya a kafaɗa, mace mai jikoki, ni da ba na ɗauke da komai ina haki a bayanta. Zomo ya gifta ta tsakanin ƙafafuna. Fara na ta faɗo mana a fuska. Daga nan muka fara jin ƙarar, can ƙasa-ƙasa da farko, kamar babbar mota tana hawa gada, da ƙananan fashe-fashe a cikinta. Muka bar hanya muka gangara kwari, don nan ne kaɗai sama ba ta yi baƙi ba. A ƙasan kwarin akwai kurmi, dogo, kore shar, ya bi rafi kamar an shimfiɗa zane. Na sha ganinsa daga nesa. Na kuma sha ganin yadda matan garin ke kawar da kai idan sun zo daidai da shi.

A bakin kurmin akwai tarin duwatsu da wata tsohuwar tukunya a kife. Inna ta zo daidai nan ta ja ta tsaya cak, har na yi karo da bayanta.

"Mu shiga mana."

"Mace ba ya shiga."

"Inna, dubi bayanki."

"Na gani. Mace ba ya shiga, Malama. Wanda ya shiga ba ya ganin damina."

Wutar ta riga ta hau kan tudun da muka baro. Ina ganin gamba tana kamawa tun harshen wutar bai kai gare ta ba, zafin kaɗai ya ishe ta. Fatar goshina ta fara tsuma. Ga wannan mata a tsaye, da doya a kafaɗa, tana kallon tukunya a kife kamar ita ce za ta cinye ta. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ni a ranar na ga mutum ya tsaya yana auna waɗannan biyun, kuma wallahi ma'aunin yana rinjaya wajen wutar.

Ban san abin da na ce mata ba. Na san na yi mata tsawa irin wadda ko ɗalibi ban taɓa yi wa ba, na kama damtsenta da hannu biyu. Ta fizge. Sannan ta durƙusa ta sauke ƙwaryar doya a gindin duwatsun nan, ta kwance kallabinta, ta ɗaure idanunta da shi tam, ta miƙo mini hannu.

"Ja ni. In an tambaya, kai ka ja ni. Ni ban ga komai ba."

Na ja ta.

Abin da na fara ji shi ne sanyi a tafin ƙafa, don takalmina ɗaya ya riga ya tafi. Ganye ne a ƙasa, shekara da shekaru yana zuba ba mai sharewa, ya jiƙe ya yi laushi. Duhu-duhu ne a ciki kamar bayan magariba, ga shi rana tana tsaka. Itatuwan sun haɗe kai a sama. Na gane maɗaci, na gane ɓaure da tukuruwa da kwakwar manja, sauran ban san sunansu ba har yau. Rafin da a wajen gari ya ƙafe sai rairayi, a nan yana gudana, siriri, ba ya ko ƙara. Na ja Inna muka tsallake shi, tana tuntuɓe tana zagina da yarensu, har muka kai gindin wani rimi wanda saiwoyinsa suka taso daga ƙasa kamar katangu. Na tura ta tsakanin biyu daga cikinsu, na shige na takure a jikinta. Na jiƙa gefen zanena na rufe mana hanci.

Sai wutar ta iso.

Kun san ruwan sama mai ƙanƙara a kan rufin kwano? To ku haɗa shi da kukan iska, ku sa shi ya zagaye ku ta ko'ina. Hasken da ke shigowa ta tsakanin ganye ya koma ja. Hayaƙi ya shigo, amma ya bi ta sama, ya bar mana 'yar iska a ƙasa. Ina ta jan La'ilaha illallahu, na kama Ayatul Kursiyyu na rasa tsakiyarta na koma farko. Inna tana kiran Yesu, tana kiran wasu sunaye da na tabbata ba a coci ta koye su ba. Tartsatsi na faɗowa a kan jiƙaƙƙen ganye, ya yi 'yar ƙara ya mutu. Itatuwan da ke bakin kurmin su suka sha ta. Ina jin ganyensu yana tafasa, ina jin reshe yana tsagewa ya faɗi. Suna nan tsaye a jere, wuta na cin gefensu ɗaya, ɗaya gefen kuma yana yi mana inuwa.

Can na ga ba mu kaɗai ba ne. Wata gada tana tsaye cikin rafin, kusa da mu har ina ganin haƙarƙarinta yana sama da ƙasa. Ta dube ni, ba ta gudu ba. Birai sun jeru a reshe a samanmu, ko tari babu mai yi.

Na jingina kumatuna da jikin rimin nan. Sanyi ƙalau, kamar randa. Ban san yadda zan faɗi wannan ba tare da a ce tsoro ya taɓa mini kai ba, amma na ji kunyar bishiyar. A sakandare mun zana ganye, mun rubuta yadda itace ke shaƙar iskar da muka fitar ya mayar mana da mai kyau, na ci jarrabawar kuwa. Ni ma na koya wa yara, suna maimaitawa da waƙa. Amma ban taɓa ce wa itace sannu ba, ko a zuci. Ga shi tun ranar da aka haife ni a hannun itatuwa nake. Da man kaɗe aka gasa mini cibiya. Da saƙe-saƙin maɗaci mahaifiyata ta yi mini maganin ciwon ciki, tana toshe mini hanci ina kuka. Turmin gidanmu da taɓarya da muciya, da akushin kakana, da gawayin da aka yi tawadar da na fara shan rubutu da ita, duk jikin wani itace ne da aka sare. Miyar da ba daddawa ai ruwan zafi ce. Ran da aka ɗauki kakata, a kan makarar tukuruwa aka ɗauke ta, da itace kuma aka rufe ta kafin a zuba ƙasa. Su ba su taɓa aiko da saƙon cewa mun yi yawa ba. Ka jefi ɗorawa da dutse, ta sako maka abin sha. Allah ne ya tsirar da mu, na sani, ba na haɗa Shi da kowa. Amma da itatuwan nan Ya tsirar da mu, kuma wanda bai gode wa hannun da aka miƙo masa abu da shi ba, ban ga yadda zai gode wa Mai abin ba.

Ƙarar ta yi ta raguwa har ta wuce yamma. Ya rage sai ƙauri da faɗuwar rassa jefi-jefi. Gadar ta sunkuya ta sha ruwa. Mu ma na ɗebo a tafin hannu na ba Inna, na sha.

Na ce, "Ta wuce. Tashi mu fita."

"Ba na fita."

"Kin ƙi shiga, yanzu kuma kin ƙi fita?"

"Sai Baba ya zo. Shi ke da wurin. In ya ce mun mutu, mun mutu a nan, kada mu kai wa yara a gida."

Baban da take nufi ƙanen uban mijinta ne, tsohon da ke kula da kurmin. Ina cikin lallashinta muka ji haushin karnuka, da muryoyin samari suna tahowa ta cikin toka, suna dariya. Wasu na garin ne, wasu abokansu ne daga wajen Bwari, shi ya sa suke yi da Hausa. Suka tsaya a bakin kurmin, ba ma ganinsu, amma muna jin komai.

"Kai, ga doya an gasa mana."

"Wace mai albarka ce ta ajiye?"

"Ko ma wace ce, ta san da zuwanmu. Ga nama ga doya, saura manja."

"Nawa ka kashe kai da kake ta baki?"

"Ya fi naka. Wannan abin da ka rataya gafiya ce ko ɓeran ɗakin uwarka?"

Na ji suna fasa doyar, suna hura ta, suna ci. Ƙwarya ce ta mace a ƙone a gabansu, takalmin mace yana can yashe a hanya, ba wanda ya ce ina mai su. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga murya na ce, "Allah ya isa tsakaninmu da ku. Mutane kuka kusa gasawa, 'yan banza marasa tarbiyya."

Sai gudu, har da kukan kare da aka taka. Kada ku ɗauka nadama ce ta kore su. Muryar mace suka ji daga inda mace ba ta shiga.

Bari in faɗi abin da aka yi musu, don kada ya tsaya mini a wuya. An sa su kawo tukunyar burkutu da akuya, aka yanka, aka ci, su ma da su aka ci. Shi ke nan. Yara ne, in ji mutane, jini ne ke ɗibarsu. Yaran da wasunsu ke da mata biyu-biyu a ɗaka. Ɗorawar Inna da kaɗanyarta duk furen ya zube baƙi ƙirin, bana ba kalwa ba kaɗe, ba nata kaɗai ba, na matan gefen gaba ɗaya. Rumbun doya ya tafi. Ciyawar baibaya ta tafi, ga damina na tahowa a kan ɗakuna masu yoyo. Amyar zuma da ke rataye a itatuwa ta ƙone da ƙudan a ciki. Duk don me? Don gafiyar da ba za ta cika tukunya biyu ba. Yayana da ya zo dubiya daga Abuja har dariya ya yi, wai in ka ga ƙi-gudu sa-gudu ne bai zo ba, ashe Malama ta iya tsere. Na tashi na bar masa ɗakin. Har yau in Inna ta hura wuta a murhu, itace ya yi ƙara, alli ko cokali ko me ke hannuna sai ya faɗi. Gasasshiyar doya kuwa ko ƙamshinta ba na iya ji.

A ranar dai, ba a daɗe da gudun samarin ba gari ya taso. Muna jin su a bakin kurmin, maza a gaba, mata can baya suna koke-koke. Da yarensu suke magana, kowa na ɗaga murya. Inna, da idonta a ɗaure, ta karkata kunne tana fassara mini kaɗan-kaɗan.

"Suna cewa wa ya fara sa ƙafa."

"Sai me?"

"Suna cewa baƙo ya ɓata wuri. Wani ya ce a kore ka. Wani ya ce kora ba ya wanke shi."

"Wutar fa? Ba wanda ya yi maganar wutar?"

Ta saurara. Ta ce, "Babu."

Laifi tudu ne. Suna tsaye a kan toka mai zafi, daji ya ƙone har inda ido ya kai, waɗanda suka ƙona shi suna cikinsu da maiƙo a baki, amma shari'ar da ake yi ta mata biyu ce da suka ƙi tsayawa su gasu.

Nan fa Inna ta fara bar mini wasiyya. Tukwanenta a ba babbar 'yarta. Akwai gero da ta ɓoye a bayan randa, kada mijin ya sani, na auta ne. Tana faɗa tana share hanci da gefen zane, muryarta ba rawa, kamar mai aike kasuwa. Ni Musulma ce, na yi karatu, ban yarda tukunya a kife tana kashe mutum ba. Amma ku zauna a duhun kurmi, ku ji mace mai hankali tana raba kayanta, ga taron maza a waje ana cewa kora ba ta isa ba, sannan ku gaya mini abin da karatu ya hana. Ban san me suke yi wa wadda ta keta wurin ba. Ban san ko abin da ke hana mace ganin damina aljani ne ko hannun mutum ba. Iyayena suna nesa, ba kowa nawa a garin sai wadda na jawo cikin wannan hali. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na wutar, don ita wuta ana ganin inda ta nufa.

Sai ga ƙararrawar keke. Hedimastanmu ne, wani mutumin kirki a sauran al'amura, mai son a san ya yi kwaleji. Ya ɗaga murya ya ce, "Malama, kina ciki? Fito mana, ke da iliminki. Duk camfi ne wannan. Na sha gaya musu a sare wurin nan a yi wa makaranta bencuna, da yanzu an huta."

Hannuna na kan saiwar rimin lokacin da ya faɗi haka. Na ce, "Ranka ya daɗe, da an yi bencunan, da yau a kansu za a shimfiɗe gawarmu."

Ni kuma a nan na ga abin da ya ɗaure mini kai, har yanzu bai sake ni ba. Dokar da ta kusa sa Inna ta tsaya wuta ta cinye ta, ita ce ta hana gatari shiga wurin tun kakannin kakanni, shi ya sa ya yi duhu, ya riƙe ruwa, ya iya tare wutar. Ina jin haushinta, ina kuma zaune a inuwarta. Na rasa wanda zan fi zagi, masu cewa mun ɓata kurmi ko mai cewa a sare shi.

Rana ta karkata, wajen la'asar, hayaniyar waje ta lafa gaba ɗaya. Muka ji takun mutum ɗaya yana shigowa, a hankali, da sanda. Inna ta gyara zama ta sunkuyar da kai har ƙasa. Wani ɗan tsoho ne gajere, ba takalmi, ƙafafunsa fari fat da toka. Bai zo wajenmu kai tsaye ba. Ya bi itatuwan bakin kurmin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa inda suka ƙone, yana ɓare ɓawon da farce ya ga ko cikin da rai, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana wannan. Sannan ya tsallako rafin ya tsaya a kanmu. Ya yi wa Inna tambayoyi da yarensu, tana amsawa da kai a ƙasa. Ya juyo gare ni.

"Kai ne Malama?"

"Ni ce, Baba."

"Ka karya reshe?"

"A'a."

"Ka tsinki wani abu ka ci?"

"Ruwa kawai muka sha."

"Ruwa na sha ne. Ka wuce wancan dutse?" Ya nuna can ciki da sanda, inda duhun ya fi kauri.

"Ko ganinsa ban yi ba sai yanzu."

"To daina kallo."

Na kawar da kai. Ya tsuguna a bakin rafin yana duban sawun da ke cikin laka, ya ɗaga kai ya dubi biran da har lokacin ba su sauka ba. Ya yi tsaki, ba da mu ba.

Ya ce, "An hana mace ya zo da ƙafansa don ya ga abin da ke ciki. Ku koro ku aka yi. Gada ya shiga, biri ya shiga, wa zai kai su ƙara? Wurin nan ya ga wuta kafin a haifi ubana, ya san mai gudu ya san mai leƙe. Ku karkaɗe zane, kada ganye ɗaya ya bi ku. Ku wanke ƙafa a nan. Ku tafi gida."

Na ce, "Mutanen waje fa, Baba? Sun ce kora ba ta isa ba."

"Su ke da wurin ko ni? Ba abin da zai same ku, daga ciki ko daga waje. Za ku ga damina, ku ga na bayansa."

Inna ta saki wani dogon numfashi ta kife a kan ƙafafunsa. Na ce, "Baba, don Allah ka sake faɗa."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya juya wajen bakin kurmin, ya ɗaga murya yadda duk taron zai ji, har da masu maiƙo a baki.

"Na ce ba mai taɓa su. Wai Malama ba ya jin Hausa ne?"

Aka yi dariya a waje. Ni ban yi ba. Na ja jiki zuwa bakin ruwan na sa ƙafata a ciki.